Shawarar da Ba Ita Ta Yanke Ba

Ranar Asabar da hantsi Halimatu Sadiya ta gano cewa rabin garin Lafiya ya san mijin da za ta aura. Ita kaɗai aka manta ba a sanar wa ba.

Tana tsakar gida tana wanke kayan da ta dawo da su daga Assakio, sai keke napep ya ci birki a ƙofar gida. Mimidoo ce, ƙawarta ta aji, mai gwamutsa Hausa da Turancin buroka. Ta faɗo ko sallama babu, waya a hannu kamar ta ɗauko garwashi.

"Ke Sadiya! Haka ake yi? Ni ne ƙawarki, amma sai a intanet zan ji? Abeg, wannan bai yi ba."

"Ki ji me?"

"Daina wannan abu. Duk 'yan aji sun karanta. Har mai awara na bakin get ya ce in gaishe da amarya."

Sadiya ta goge hannu a jikin zaninta ta karɓi wayar.

Shafinta ne. Ga sunanta a sama, ga hotonta da farin mayafi.

A kwalejin da take karatun yamma bayan ta tashi daga firamaren da take koyarwa, Malam Ferdinand mai darasin rubutu ya kafa dokokin da ko shi bai isa ya taka ba. Kowane mako zai ba da jigo, kowa ya rubuta nasa ya ɗora a shafinsa na intanet kafin Juma'a ta fita. Kowa yana da abokin sharhi da ƙuri'a ta haɗa su, dole ya karanta ya yi tsokaci a ƙasa. Dole kuma marubuci ya amsa tsokacin. Abin da aka ɗora ba a goge shi. "Marubuci ba ya haɗiye amansa," in ji Malam Ferdinand, wanda bai taɓa buga littafi ba.

Jigon wannan makon shi ne, "Wata shawara da na yanke."

Sadiya ba ta rubuta komai ba. Tun ranar Alhamis Hajja, kakarta da ta rene ta, ta tasa ta gaba sai ta je dubiyar wata 'yar'uwa a ƙauyen bayan Assakio, inda waya ba ta da maraba da dutsen guga. Ta riga ta haƙura da makin makon.

Amma ga rubutu nan, an ɗora jiya da la'asar.

"Bayan dogon nazari da zurfin tunani," in ji rubutun, "na yanke shawarar miƙa ragamar rayuwata ga gwarzon namiji, tauraron sakatariya, ɗan dangi shakundum, Alhaji Abdulrahaman. Shi ne hasken idanuna, madarar zuciyata. Duk lokacin da na ji ƙarar motarsa sai furannin ƙirjina su buɗe."

Haka abin ya yi ta tafiya. An ambaci motar har sau uku.

"Furannin ƙirjina," in ji Sadiya a hankali. "Ni?"

"To ba ke ba ne?"

"Mimidoo, ki dube ni da kyau. Ni na yi miki kama da mai fure a ƙirji?"

Ba sai ta yi duba ba kafin ta san mai aikin. Abdulrahaman ɗan aminiyar Hajja ne. Shi ya buɗe mata shafin a kwamfutar ofishinsa farkon zango, lambar sirrin kuwa ta zauna a can kamar makullin da aka manta a jikin ƙofa. Ta sha gaya masa ba ta sonsa, shi kuma yana ɗaukar hakan kunya ce. Akwai mazan da ba a halicce su da kunnen jin "a'a" ba.

Har nan ranta ɓaci kawai ya yi. Sai ta ja shafin ƙasa.

Muhyiddin ya yi tsokacinsa.

Shi ne abokin sharhinta. Ƙuri'ar Malam Ferdinand ce ta haɗa su, kuma da faɗa suka fara, ranar da ya rubuta mata cewa ƙarshen labarinta na tsohon turmin Hajja ƙarshen malalaciya ne. Daga faɗa aka koma jiran Juma'a, daga jiran Juma'a har maganar ta kai dattawansa za su taso daga Awe gobe Lahadi su gaida Hajja. Ya karanta duk abin da ta taɓa rubutawa: direbobin keke, tulin doya a kasuwa, ranar da aka binne mahaifinta. In akwai mai sanin muryarta a duniya, shi ne.

Ga abin da ya rubuta:

"Rubutu ya yi tsari. Sakin layi na biyu ya ɗan yi tsawo. Amma wannan ya fi duk abin da kika taɓa rubutawa fitowa daga zuciya. Allah ya sanya alheri."

Sadiya ta karanta, ta sake karantawa. Ta miƙa wa Mimidoo wayarta da hannu biyu, don kada ta rotsa abin da ba nata ba.

"Jira ni a nan."

Hajja na zaune a kan darduma a barandarta tana fasa goro da farce. Kusa da ita Abdulrahaman ne a kan kujera, cikin shadda mai ƙamshin sabunta, ya zo da burodi da lemon kwalba kamar mai zuwa duba mara lafiya.

"Amarya," in ji shi, yana murmushi. "Kin ga aikinki?"

"Aikina?"

"Na ga Juma'a za ta wuce ba ki ɗora komai ba, na ce kada makinki ya salwanta. Sai da na bar aikin gwamnati na zauna a kansa. Kin ga wurin furannin nan? Ko ni da na gama sai da jikina ya yi sanyi."

"Yaya Abdulrahaman, ka shiga shafina, ka ari bakina, ka ci albasa da shi, sannan kana jiran in ce na gode?"

"Abin da ke zuciyarki na fitar. Mace kunya gare ta."

"Zuciyata ka taɓa gani? A wane fayil?"

"Ke ja'ira, rage murya," in ji Hajja ba tare da ta ɗago ba. "Ni na ce ya rubuta."

Sadiya ta juya. Ta san da haka tun kafin ta tambaya, amma jin sa daban ne.

"Don haka kika tura ni Assakio. Matar da na je dubawa na tarar da ita tana surfe."

"To ba ta warke ba? Alhamdu lillahi."

"Hajja!"

"Kada ki Hajja ni. Na yi miki magana a ɗaki kin ƙi, na sa an yi miki a zaure kin ƙi. Kin ce ku 'yan boko abin da aka rubuta shi ne magana. To ga shi an rubuta. Tun jiya wayata ba ta huta ba, har daga Maiduguri an kira ni ana barka. Magana zarar bunu ce, 'yar nan. Ta fita."

"Ba daga bakina ta fita ba."

"Wa ya sani? Sunanki ne a kai." Hajja ta jefa ɓarin goro a baki. "Mu da kakanninmu suka taso tun daga Barno suka zauna garin nan, in rasa inda zan kai jikata sai gidan masu dafa gishiri? Uwar Muhyiddin ɗin, Batulu, har yau a bakin tukunya take wuni, hayaƙi ya gama da idonta. Waɗannan ne za su zauna mini a zaure gobe?"

"Miyar da kika sha jiya da me aka yi ta?"

"Ina shan miya, amma ban taɓa haɗa zuri'a da tukunya ba."

Abdulrahaman ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta.

Hawaye ya zo wa Sadiya, na takaici, irin mai zafi.

"Hajja, ke kika goya ni. Ke kika tauna kika ba ni. Ranar da Baba ya rasu ke kika ce mini muddin kina numfashi ba wanda zai yi mini fin ƙarfi. Ashe nufinki ba wanda zai yi sai ke. Da duka kika yi mini da na ce tarbiyya ce. Amma ki sa a yi ƙarya da sunana, a gaban malamina da 'yan ajinmu da duk wanda ke da waya a garin nan? Abu ɗaya na mallaka da ba gado ba ne, ba kyauta ba ne, shi ne abin da nake rubutawa. Shi ma kin ba wa baƙo ya taka."

Hajja ta kau da kai. Hannunta ya ɗan tsaya a kan goron, sannan ya ci gaba.

"Kuka ba ya goge rubutu," in ji ta.

"Zan gaya wa duniya ba ni na rubuta ba."

Abdulrahaman ya gyara hularsa.

"Bismilla. Sai dai ki tuna, in kika kira sunana, ni ma dole in ce ga wadda ta sa ni. Kina so a riƙa nuna Hajja a gidan biki ana cewa ga tsohuwar da jikarta ta tona wa asiri a intanet? Ki yi tunani, ƙanwata. Shi kansa ɗan gishirin ai ya sa albarka. Na karanta. Yaro mai hankali."

Wannan ce ta soke ta. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta fita.

Mimidoo na ƙofar gida tana waya. Ta kashe da sauri.

"Sadiya, wahala dey. Na kira abokin ɗakin Muhyiddin. An ce Muhyiddin ya ɗauki jaka ya tafi tashar Awe. Wai za shi ya gaya wa dattawa kada su zo gobe."

In dattawa suka kwance shirin tafiya, ba a sake ɗaura shi. Mutanen da aka ce musu yarinya ta zaɓi mai mota ba za su sake wanke riga don ita ba, ko da kuwa ta zo da Alƙur'ani a ka.

"Tare mana keke."

Direban keken ya ga fuskar Sadiya, bai ko tsaya ciniki ba.

A tasha suka tarar da motar ta kusa cika. An ɗaure buhunan garin rogo a baya, ɗan kamasho yana ta rantsuwa saura mutum ɗaya, kamar yadda yake rantsuwa tun safe. Muhyiddin na kujerar baya ta gefen taga, jaka a cinya, yana kallon wani wuri da babu komai.

Sadiya ta buga gilashin da tafin hannu.

"Fito."

"Sadiya, ba sai kin yi mini bayani ba. Na fahimta."

"Ka fahimta! Fito, Malam mai fahimta, ko in yi maganar a nan kowa ya ji."

Wata tsohuwa mai kwandon kaji a cinya ta ce, "Yi a nan, 'yata, mota bai cika ba tukuna."

Ya fito. Suka koma gindin wata bishiyar mangwaro kusa da mai faci. Idanunsa sun yi ja. Da a wani lokacin ne, da ta ji tausayinsa.

"Ba ni na rubuta ba," in ji ta. "Ina ƙauye, ko sabis babu. Abdulrahaman ne ya shiga shafina."

Bakinsa ya buɗe. Ta ga farin ciki na hawowa fuskarsa, ta tare shi tun bai iso ba.

"Kada ka yi mini murmushi. Ba albishir na zo yi maka ba. Shi Abdulrahaman na san abin da yake, kura ba ta ba ni mamaki don ta ci akuya. Hajja tsohuwa ce, tsoro ne ke cinta. Kai fa? Zango guda kana karanta ni. Kai ne ka ce na cika rowar kalma. Kai ne ka ce ko mutuwar ubana na rubuta kamar mai ba da rahoton gobara, sai da ka kai ƙarshe ka ga kana kuka. Yau an kawo maka madarar zuciya da furannin ƙirji, ka ce wannan ce Sadiya?"

"Na ga bai yi kama da naki ba."

"Ka gani!"

"Wallahi na gani. Tun layin farko."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauka haka kike rubutu in kina farin ciki. Na ce wataƙila ni ne ban taɓa sa ki farin cikin da zai kai ki ga fure ba."

Sadiya ta kafe shi da ido. Ba don ya burge ta ba.

"Kai, amma an yi wawa mai digiri a gaba."

"Sadiya, ki duba ni. Ranar da na zo gaida Hajja, ta tambaye ni nawa ake sayar da mudun gishiri bana, ta kira ni mai talla a gaban baƙi. Tun ina yaro na saba, in aka ajiye ni aka ajiye mai mota, na san wanda ake ɗauka. Da na ga rubutun sai na ce to, abin da nake jira ne ya iso. Na kira wayarki ba ta shiga. Dokar Malam kuma ta ce sai na yi tsokaci kafin dare. Me zan ce? In yi kuka a gaban aji?"

"Sai ka ce, wannan ba ke ba ce. Kalma nawa ce? Ko ƙarya ce ka yi ta, don ka nuna ka san ni. A'a, sai ka gyara mini sakin layi na biyu!" Ta matso kusa da shi. "Ka ce ya fi duk abin da na taɓa rubutawa fitowa daga zuciya. Har da na Baba, Muhyiddin? Har da shi?"

"Haushi ne ya sa na faɗi haka."

"Na sani. Ka nemi inda ya fi ciwo ka soka, kuma ka samu, don kai kaɗai ka san wurin."

Ta yi kuka sosai, a tsaye, ba ta rufe fuska ba. Shi ma hawayen yake, yana ta ba da haƙuri da kalmomin da duk maza ke amfani da su, waɗanda sun sha hannu har sun yi santsi. Haka abin yake tun fil azal. Namiji zai zauna da mace a buɗe a gabansa kamar littafi, ya riƙa tsallake shafi, sai ranar da aka rufe littafin aka ɗauke ya fara neman inda ya tsaya. Muhyiddin dai ya ci sa'a, nasa littafin na tsaye a gabansa yana zaginsa.

"Ki goge shi," in ji shi daga baya. "Ki canza lambar sirrin ki goge. Zan yi wa Malam Ferdinand bayani."

"Ba zan goge ba. In na goge, gobe a ce na faɗa ne na janye, na ji kunya. Hoton rubutun ma ya riga ya zaga wayoyin dangi."

"To ki rubuta sunan wanda ya yi."

"In na kira shi, zai kira Hajja. Ta yi mini laifi, amma ba zan shanya ta a kasuwa ba. Ita ta wanke mini kashi."

"To yaya za a yi?"

"Doka ta ce marubuci ya amsa tsokaci. Ka yi naka. Saura nawa."

Ta ciro wayarta. Da farko ta canza lambar sirri, ta rufe ƙofar da ta bari a buɗe tun farkon zango. Sannan ta tsaya a gindin mangwaron tana rubutu da babban yatsa, Mimidoo na leƙe ta kafaɗarta, ɗan kamasho na ihun saura mutum ɗaya, wannan karon da gaske.

Ta miƙa masa ya karanta kafin ta tura.

"Malam Muhyiddin, na ga tsokacinka. Rubutun da ke sama ba nawa ba ne. Mai shi ya san kansa, ina yi masa fatan samun wadda ƙirjinta ke fure. Na bar shi a nan don 'yan aji su ga yadda ba a rubutu. Ga aikina na wannan mako, ko da ya makara. Shawarar da na yanke ita ce, dattawan Awe su zo gobe kamar yadda aka shirya, su zo da gishirin da Inna Batulu ta dafa da hannunta, kada a sayo na kanti. Kai kuma ban yafe maka ba tukuna. Ka koma farkon shafin nan ka karanta ni daga tushe, tun da karatun farko bai shige ka ba."

Ya ɗago.

"Sadiya, in kika tura wannan, Hajja..."

"Ita ta ce abin da aka rubuta shi ne magana. Ita ta ce zarar bunu ce."

Ta danna.

"Chei," in ji Mimidoo, ta dafe kai. "Lafiya zai kama wuta yau."

"Malam!" Direba ya leƙo ta taga yana buga ƙofa. "Za ka ko ba za ka ba? Kaji na mutuwa a mota!"

Muhyiddin ya dubi motar, ya dubi Sadiya, kamar yaron da aka aika ya manta saƙon.

"Me kake kallo? Shiga mana. Da za ka je ka hana su, yanzu je ka taho da su. Kuma ka gaya wa Inna duk abin da ka rubuta mini, kada ka rage. Ina so in ji abin da za ta yi maka."

Ya shiga. Tsohuwa mai kaji ta matsa masa tana cewa, "Ɗana, wannan yarinya ka riƙe shi da kyau, ya fi ƙarfinka."

Motar ba ta gama fita daga tasha ba wayar Sadiya ta ɗauki ƙara. Sunan Hajja ne a kai. Lallai tauraron sakatariya na nan zaune a baranda, ya karanta mata da muryarsa mai daɗi.

"Kar ki ɗauka," in ji Mimidoo. "Bari ya huce small."

Sadiya ta share fuskarta da gefen mayafi, ta ɗauka.

Ba ihu ta ji ba. Da ihu ne da ya fi sauƙi. Muryar Hajja ta fito a kwance, kamar ranar da ta sanar da ita mutuwar mahaifinta.

"Halimatu. An karanta mini. Ba ki kira sunana ba."

"Ban kira ba, Hajja."

"To ki ji nawa. Zaurena ne. Gobe zan sa kwaɗo a ƙofarsa in zauna a kan makullin. In ga inda za ki shimfiɗa wa masu gishirinki tabarma."

Sadiya ta bi motar Awe da ido har ta sha kwana.

"A ƙofar gida, Hajja," in ji ta. "A bakin titi, inda duk unguwa za ta ga baƙin da suka zo gaishe ki suna zaune a rana. Ga ni nan tafe, zan biya kasuwa in sayo tabarmin."